Laifin Baba Mai Gora

Tun kafin rana ta haura katanga ake jin kukan kekensa a layinmu. Tsohon keke ne, sarƙarsa na ƙara kamar tana zagin mai shi, an ɗaure masa wata doguwar gora mai raga a baki wadda ta fi keken tsawo, sai ya yi kwana da dabara kada ya tsone wa mai gadi ido. Saboda gorar nan yara suka sa masa Baba Mai Gora, sunan ya bi shi har manya suka manta da na gaskiyar. Aikinsa kula da tafkin wanka, irin wanda masu hali ke haƙawa a cikin gida su shafe da tayil don yara su yi iyo. Gidan autata na cikin gidajen da yake zuwa, a nan nake zaune tun rasuwar mahaifinta, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, daga kan kujerata ta baranda na gani.

Idan ya shigo ba ya fara gaida kowa. Bakin tafkin yake zuwa, ta wajen da ya fi zurfi, ya goya hannu a baya ya zuba wa ƙasan ido. A can ƙasa akwai wani murfi mai huji-huji inda ruwa ke bi ya tafi wurin inji. Sai ya ga murfin nan tangaran, har ya iya bambance hujinsa, sannan ya juyo ya ce, "Iya, an tashi lafiya?" Daga nan ya shiga ɗan ɗakin inji ya ɗora tafin hannu a kan injin kamar mai duba zazzaɓin jariri, ya zazzage kwandon da ke tare ganye, ya fito ya kwashe abin da iska ta zubo, ya goge bango da burushi. Ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba ya ɗiga magani, ya ɗaga sama ya dubi launin. Bayan duk wannan ne yake zaro makulli daga wuyansa ya buɗe 'yar ƙofar shingen da ya zagaye tafkin. Ranar da bai ga murfin ƙasa ba kuwa, makulli ba ya fita daga wuyansa, ko wa ya zo.

Ni ban yi makaranta ba. Faɗa nake maƙwabciyata tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta sa wa maganata sukari. Abin da ya sa na buɗe baki shi ne, an kori mutumin nan, an bi shi da ƙarya gida-gida har aikinsa ya tsaya cak, kuma wadda ta yi masa ƙaryar 'yar cikina ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na sani. Amma ba a ce ka ɓoye shi a cikin riga yana wari ba.

Kada wani ya ɗauka abokina ne. Ni da Baba Mai Gora mun yi shekaru muna sa-in-sa. Ina watsa wa tsuntsaye ɓarɓashin burodi da safe, shi kuma ya ce tsuntsayena ne ke yi masa kashi a bakin ruwa. Na ce tsuntsun Allah ne, ya ce to Allah bai ce a tara su a kan tayil ɗinsa ba. Na ce tayil ɗin ubansa ne? Ya ce a'a, na surukina ne, amma gwiwar da ke durƙusawa tana gogewa tasa ce. Har yau ina kan bakana, tsuntsu ba ya ɓata komai. Mutum ne mai taurin kai, bakinsa ba linzami, in ya yi niyyar faɗa maka abu ko a gaban sirikanka ne sai ya faɗa. Ban zo in wanke shi daga wannan ba. Na zo in ce mai taurin kai daban, mugu daban.

Ku tambayi direban gidan nan. Shi ya shaida ranar da Baba Mai Gora ya zuba magani ya wuce ƙima, yara suka fito idanunsu jajur. Ba wanda ya san dalili, autata har ta fara cewa ciwon ido ne ake yi a makaranta. Da Baba Mai Gora ya so, sai ya yi shiru maganar ta bi ruwa. Shi ya zo da ƙafarsa ya tsaya a ƙofar falo ya ce kada a ɗora wa makaranta, hannunsa ne ya zarce, a wanke musu ido da ruwan sanyi, kuma ya kulle tafkin sai abin ya sauka. Ya sha faɗa ranar, ya sunkuyar da kai ya sha abinsa.

Ku tambayi matar mai kanti da ke ƙarshen layi. Ruwan tafkinsu ya taɓa yin fari kamar an dama alli, mijinta ya yi ta sayen magani yana zubawa, ruwa na ƙara dagulewa, har suka yanke shawarar zubar da shi duka a sake cikawa. Baba Mai Gora ya ce su dakata, ruwa ba ya tsami banza. Ya buɗe tankin da ke tace ruwan ya tura hannu, ya tarar yashin ciki ya dunƙule ya zama dutse, ruwa na bi ta gefe yana komawa da dattinsa. Shi kaɗai ya kwashe yashin nan da gwangwani, rana na dukan ƙeyarsa, ya zuba sabo. Ita da bakinta ta ce min da ruwan ya washe sai ka ce ba ruwa a ciki. Yau wannan matar na cikin waɗanda suka ce wa mai gadinsu kada ya buɗe masa ƙofa.

Ni kuma shaidata ita ce jikata, ƙaramar gidan, wadda muke kira Mama Ƙarama. Yarinyar nan tsoron ruwa take ji har na wanka. Shi ya zauna da ita a matakalar farko, yau ƙafa, gobe gwiwa, yana ba ta labarin wani kwaɗo marar kunya da ya ce yana zaune a ɗakin inji, har ta saki jiki ta koyi kwanciya a kan ruwa. In ta ji kukan kekensa da gudu take fita, ba takalmi.

To ga abin da ya faru.

Autata ta shirya wa Mama Ƙarama bikin zagayowar ranar haihuwa, ta gayyato ƙawayenta da 'ya'yansu, ta ce kowa ya zo da kayan iyo. Surukina ya yi tafiya. Ana saura 'yan kwanaki ta ɗauko masu ƙawata wuri, suka cika gidan da balan-balan da fitilu da wani ƙaton gidan roba da ake hura wa iska yara su yi tsalle. Da suka rasa inda za su jona wutarsu, sai suka shiga ɗakin inji suka zare wayar injin tafki suka sa tasu. Ba su mayar ba. Suka kuma wanke tsakar gida da sabulu, ina kallon kumfa na gangarawa cikin tafkin. Na yi magana, autata ta ce, Iya ki bar su sun san aikinsu. Kwanakin nan duka Baba Mai Gora na wasu gidaje, don ba kullum ne ranarmu ba.

Da safiyar biki ya zo. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa, ya daɗe bai juyo ba. Ruwan ya koma kamar an wanke shinkafa a ciki, matakala ta biyu ma da ƙyar ake gani. Bai gaishe ni ba ranar. Ya shiga ɗakin inji ya taɓa, ya ji sanyi ƙalau, ya fito da wayar masu balan-balan a hannu yana tambayar wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan. Ya mayar da injin, ya juya ruwa baya ya wanke yashin tanki, abin da ya fito ta bututu sai ka ce ruwan wanki. Ya gwada da 'yar kwalbarsa, launi bai fito ba ko kaɗan, alamar magani ya ƙare a ruwan. Ya zuba abin da ya kamata, ya goge bango, ya yi ta fama har riga ta manne masa a baya.

Na ce masa ya jefa alam mana, ai da shi muke kwantar da ruwan rijiya. Ya ce akwai irinsa na tafki, kuma zai sa, amma sai an kashe inji an bar ruwan ya kwana bai motsa ba, dattin ya kwanta, gobe a zuƙe shi daga ƙasa a hankali. Ko ta nan ko ta can, ba ruwan yau ba ne. Haka ya je ya gaya wa autata tun da hantsi, a kicin, ba kowa sai ni da mai aiki. Ya ce ta sanar da baƙi tun kafin su taso, a yi biki a kan ciyawa, ga gidan tsalle ga kek, iyo a bari sai wani satin, shi zai zo ko ba ranarsa ba. Ta ce ya ƙara magani kawai. Ya ce in ya ƙara fatar yara za ta saɓule, kuma ruwan ba zai washe ba. Ta ce ai ba sha za su yi ba. Ya ce ba sha yake tsoro ba. Ta ɗauki wayarta ta bar shi tsaye.

La'asar na yi gida ya cika. Yara sun tuɓe, sun jeru a jikin shinge suna girgiza ƙofa. Iyaye mata na zaune a ƙarƙashin rumfa da lemo a hannu, kowa da waya. Autata ta zo a gabansu ta miƙa wa Baba Mai Gora hannu ta ce ya ba ta makulli. Ya ce ba zai bayar ba. Ta ce gidan wa ye? Ya ce gidanta ne, in mai gidan ya dawo ya karɓe aikinsa, amma yau da hannunsa ba zai buɗe ba. Wata ƙawarta mai dogon farce ta yi dariya ta ce wannan tsohon ya mayar da kansa mai gida, ai ga mu nan duk muna kallo, me zai samu yara?

A nan ne ya yi abin da ake yawo da shi. Akwai wata sabuwar 'yar tsana da aka kawo wa Mama Ƙarama, babba, kamar jaririn gaske, an ajiye a kan tebur. Ya ɗauka ya sa a cikin ragarsa, ya zura gorar ta saman shinge ya danna ta cikin ruwa. Bai kai tsawon hannu ba ta ɓace. Ja ce rigarta, amma ko alamar ja ba a gani. Ya riƙe gorar, ya dubi autata.

"Hajiya, a ce wannan ita ce Mama Ƙarama. Ga ku nan duk kuna kallo. Wa zai nuna min inda take?"

Na ga wata ta miƙe ta je ta kamo hannun ɗanta daga jikin shinge. Mama Ƙarama kuwa ta fashe da kuka, ita 'yar tsanarta take gani an nutsar. Ya fito da ita tana ɗigar ruwa, gashinta ya manne, ya miƙa wa yarinyar yana cewa ta yi haƙuri za ta bushe. Autata ta fizge, ta ce ya fitar mata daga gida, kada ta sake ganin ƙafarsa. Ya ce to. Ya ɗaure gorarsa a keke. Makullin bai ba ta ba, ni ya kawo wa har kujerata ya ce, Iya, ke ce babba a gidan nan, ki yi abin da kika ga dama. Na sa shi a lalitata na zauna a kai. Ba yaron da ya shiga ruwa ranar. An ci kek, an yi tsalle, an watse.

Abin da ya faɗa kenan, ban ƙara ba ban rage ba, kunnena ƙalau yake. Amma kafin a kwana biyu maganar ta canza riga. Autata ta bi ƙawayenta a waya tana cewa tsohon nan ya yi wa 'yarta fatan mutuwa a ranar haihuwarta, ya kama 'yar tsana ya kira sunan yarinya ya nutsar, Allah kaɗai ya san abin da ya karanta a kai. Wannan ta gaya wa waccan, waccan ta ƙara gishiri, har aka kai ga cewa dama ya daɗe yana kallon yara wani iri. Gida bayan gida aka sallame shi. Matan da suka ga abin da idonsu, har da wadda ta tashi ta janye ɗanta, ba wadda ta ce uffan. Surukina ya dawo, na aika masa da magana ta bakin direba don ina jin nauyinsa, ya ce maganar mata ce, ya ɗauko wani kamfani ya ba shi aikin tafkin.

Sai ka ji suna cewa, to ai ba abin da ya faru. Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona min rai. Ba abin da ya faru saboda wa? Gawa kuke so a fito da ita a shimfiɗa a kan tayil kafin ku yarda mutum ya yi gaskiya? Yaro in zai nutse ba ya ihu, ba ya sallama, sulalewa yake yi. Da an buɗe ƙofar nan, wataƙila da kowa ya koma gida lafiya, wataƙila kuma da wata uwa ta tashi tafiya ta ƙirga 'ya'yanta ta ga babu ɗaya, ana ta nema a bayan gida da cikin motoci, shi yana nan ƙasa a gaban idon kowa. Ba wanda ya sani. Shi dai ya ƙi yin caca da 'ya'yan mutane, wannan ne laifinsa. Na yarda ya yi rashin dabara, na yarda ya kunyata ta a gaban ƙawaye, ya sa yarinya kuka. Amma ya faɗa mata a ɓoye da safe ta ƙi ji. Wanda aka yi wa raɗa ya toshe kunne, ba shi da bakin ƙorafi in an ɗaga masa murya.

Na yi wa autata magana a ɗaki, ta ce in daina tsoma baki a harkar ma'aikata. Na sake yi, ta ce ita ma uwa ce, ta san abin da ta ji a zuciyarta. Na ce abin da ta ji kunya ce, ba tsoro ba, kuma ta san hakan. Ta fita ta buga ƙofa. Da abin ya tsaya nan da na ci gaba da faɗana a cikin gida. Amma rannan ina tsefe wa Mama Ƙarama kai, sai ta ɗago ta ce, "Kaka, da gaske Baba Mai Gora yana so in mutu?"

Washegari na sa direba ya kai ni gidansa. Ɗaki biyu ne a bayan wani garejin gyaran motoci, matarsa na wanki a ƙofa. Na same shi zaune a kan benci yana ɗinke ragarsa, ragar da ba ta da inda za ta. Na lura da hannunsa, duk ya tsattsage saboda magani, farcen sun yi fari. Ya ce yau tsuntsaye sun ba ni hutu kenan? Na ce ya rufe min baki. Na tambaye shi me yake so a yi masa, in sa a mayar da shi ne? Ya ce aiki na Allah ne, in ba nan ba can. Sai na gaya masa abin da yarinyar ta tambaye ni. Allurar ta tsaya a hannunsa. Ya juya fuska wajen bango, matarsa ta bar wankin tana kallonmu.

"Iya, a bar aikin. A gaya wa yarinyar nan ba haka ba ne. Kada ta girma da wannan a ranta."

Na gaya mata, Baba Mai Gora. Na zaunar da ita na faɗa mata da irin maganar da za ta gane. Amma yaro bakin uwarsa yake bi, ta ce to me ya sa Momi ta ce haka?

Kai ne ka tsaya kai kaɗai a gaban taron mata da kukan yara ka ce a'a, alhali ka san abincin gidanka ne zai iya salwanta. Kai ne ka zaɓi a kore ka da ka buɗe ƙofa ka koma gefe ka ce ba ruwanka. Dogo mai gora, ƙi-faɗi, mai baki ba zaƙi, na gode. Na gode a madadin jikata da ba ta san abin da ka yi mata ba tukuna, da kuma 'ya'yan matan da suka rufe maka ƙofa. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya buɗa maka inda ba ka zata ba, ya sa 'ya'yanka su samu mai tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa na wasu.

Ku kuma masu aiki a gidajen mutane, direba ne kai ko mai reno ko mai gadi, ku yi koyi da shi. In aka ce ku yi abin da zai iya cin ran wani, ku ƙi, ko da mai gida ne, ko da a gaban baƙi ne. Dabara ku fi shi, amma kada ku gaza shi tsayuwa. Masu gidajen layinmu, wanda ya sallame shi a kan jita-jita ya aika a kira shi. Matan da kuka zauna a ƙarƙashin rumfa ranar, na san fuskokinku ɗaya bayan ɗaya, kun ga abin da na gani, shirunku ma shaidar zur ce.

Saura ke, Auta. Na san za a turo miki wannan, na san za ki ce na tona miki asiri a duniya. Ke kika fara kai maganar waje, ni bin sawunki na yi. Ba roƙonki nake ba. Ki kira matan da kika gaya wa ƙarya ki warware da bakinki, ki kama hannun 'yarki ki kai ta inda yake, ki faɗa a gabanta cewa ba fatan mutuwa ya yi mata ba, tsare ta ya yi. Ban tsine miki ba, Allah ya kiyaye, nonon da kika sha ba zai bari ba. Amma albarkar da nake sa miki kowace safiya in kin zo gaishe ni, daga yau na kai ta gidan Baba Mai Gora na ajiye. In kina so, ki je can ki karɓa.